Neman Littafi A Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Ɗab'i

Kafin a kawo injin ɗab'i ƙasar Hausa, ba a shiga kanti a biya kuɗi a fito da littafi. Kowane littafi da hannu a ke juya shi, da alƙalamin kara da tawada, warka bayan warka, sa'an nan a tara warƙoƙin cikin tadarishi a sa a gafaka. Takardar ma kanta baƙuwa ce. Mai alamar wata uku, wadda malamai suka fi sani, daga ƙasar Italiya ta ke fitowa, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ƙetaro hamada da ita zuwa kasuwar Kano. Saboda haka mai neman ilmi a wancan zamani wahala uku ke gabansa. Sai ya ji sunan littafin daga bakin wanda ya sani, kana ya binciko gidan da ya ke, daga nan kuma sai mai shi ya yarda ya ba da aro. Ta farkon ita ta fi tsanani, domin mutum ba ya cigiyar abin da bai taɓa jin sunansa ba.

Wanda ya rubuta Tarihin Kano ya gane girman wannan al'amari, don bai tsaya ga lissafin sarakuna da yaƙe-yaƙensu kaɗai ba, har zuwan littattafai ya rubuta kamar yadda a ke rubuta zuwan manyan baƙi. Ya ce a zamanin Sarki Yakubu, watau daga 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da na lugga. Kafin su, abin da malaman Kano ke da shi Alƙur'ani ne da fiƙihu da hadisi. A zamanin Muhammadu Kisoki, daga 1509 zuwa 1565, wani shaihi mutumin Tunas ya kawo Ashafa, littafin Alƙali Iyal mai bayanin darajar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Shaihu Abdussalami kuma ya zo da Mudawwana da Jami'us Sagir da Samarƙandi. Wani sarki da ya zo daga baya, Abubakar Kado, da kansa ya zauna gaban malami ya karanta Ashafa. Har wa yau kuwa ana karanta ta a Kano cikin watan azumi. Mai son ganin wannan labari da Hausa, yana cikin Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu.

To, amma in ana son a ga ainihin yadda ɗalibi ke tashi daga wannan littafi zuwa wancan, babu kamar a duba abin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bari. A shekarar 1812 ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuki, inda ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu. Yana da shekara 13 mahaifinsu ya danƙa shi hannun wansa, Shehu Usmanu. Wurinsa ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na jahiliyya. A nahawu ya karanta Ajuruma, a fiƙihu Ahalari da Ishmawi da Risala, a tauhidi littattafan Sanusi, ga kuma tafsiri. Da aka ji kawunsu Alhaji Muhammadu ɗan Raji ya komo daga Makka da karatun Buhari, sai shi da Shehu suka tafi suka zauna gabansa. Wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru kuma suka ɗauki ilmin usulu. Sauran fannoni, kamar balaga da ma'aunin waƙa da hisabi, kowanne da malaminsa da garinsa.

Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, malaman nan ba su ɗaure kansu ga fanni guda ba. Mutumin da ya kwana kan hukuncin alwala, shi ne kuma zai wayi gari kan waƙar Balaraben da ya mutu tun kafin Musulunci yana kukan kufan masoyiyarsa, don a can ne a ke koyon tsantsar Larabci. Na biyu, ba a raba sunan littafi da sunan mutum. In ɗalibi ya sauke littafi, malaminsa ne zai gaya masa na gaba, in kuwa ba fanninsa ba ne ya ce masa tafi gari kaza wurin wane. Ɗan littafin nan na Abdullahi ya zama jagora ga na baya, wanda duk ya same shi ya san abin da ya kamata ya nema da wanda zai fara da shi.

Da Jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, littattafan Shehu na cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma. Ɗansa Muhammadu Bello ya gaji wannan ƙauna, har bayan da nauyin sarautar Musulmi ya hau kansa a 1817. A shekarar 1824 wani Bature mutumin Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato. Sarkin Musulmi Bello ya yi ta yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Nasara na dā, har baƙon ya rasa amsa, sa'an nan ya nemi a aiko masa da littattafan Larabci da taswirar duniya daga Ingila. Shi ma bai sallami baƙonsa hannu wofi ba, an juya masa wani yanki na Infaƙul Maisuri, littafin tarihin da Bello ya wallafa a 1812, aka buga fassararsa a London a 1826.

A cikin wannan shekara ta 1826 Clapperton ya komo da saƙon. Akwai Zabura da Linjila da Larabci, da littafin Ibnu Sina mashahurin likita, da tarihin yaƙe-yaƙen Taimur, da kuma littafin Uƙlidis, wani masani na Yunanawa wanda ya tsara ilmin handasa, watau ilmin layi da kusurwa da awon fili, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan na ƙarshe shi ya fi faranta wa Bello rai. Ya gaya wa baƙon cewa dā suna da shi a gidansu, wani ɗan'uwansu ya samo shi a Makka, amma ya ƙone cikin gobarar da ta ci wani sashi na gidan a shekarar da ta wuce. Bature ya ɗauka baƙon abu ya kawo, ashe mayar da abin da wuta ta ci ya yi. A nan kuma a ke ganin haɗarin littafin hannu. In kwafi ɗaya ne tak a ƙasa, gobarar dare ɗaya ko gara ko ɗigar damina ta isa ta raba mutane da wani fanni ɗungum, sai fa in an dace wani alhaji ya sake zuwa da shi. Clapperton bai koma gida ba, a Sakkwato ya mutu cikin Afrilu 1827.

Bayan shekara 26 wani Baturen ya zo, Dokta Barth mutumin Jamus, wanda a ke kira Abdulkarimu. Wannan karo baƙon ne mai cigiya. A Sakkwato, cikin 1853, ya sadu da Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda Barth ya shaida ba shi da na biyu a ilmi cikin tsararsa a can. Suna zancen daular Sangai, sai malamin ya ambata masa wani babban littafin tarihi na mutanen Tambutu, amma bai sami nuna masa shi ba. Barth ya riƙe zancen a ransa. Da ya isa Gwandu cikin watan Mayu, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, sai ya tarar da littafin wurin wani malami mai suna Buhari, aka ba shi aro. Kwana uku ko huɗu ya yi yana tsamo abin da ya iya cikin gaggawa, don tafiya na gabansa. Littafin nan shi ne Tarihus Sudan, kuma ta wannan aro ne malaman Turai suka fara sanin jerin sarakunan Sangai da shekarunsu.

Gaggawa kuwa ta bar tabonta. Barth ya tafi a kan cewa Ahmadu Baba, babban malamin Tambutu, shi ya wallafa littafin, haka kuma ya sanar a Turai. Amma Ahmadu Baba ya rasu a 1627, labarin da ke cikin littafin kuwa ya kai har 1655. Mai shi na gaskiya Abdurrahman Sa'adi ne, wani limami kuma magatakarda a Tambutu. Ba a buga littafin cikakke ba sai a 1898, a birnin Faris.

Kuskuren yana da dalili, domin Sa'adi ya ɗebo da yawa daga rubutun Ahmadu Baba, mutumin da ya ce littattafansa 1,600 aka kwashe sa'ad da sojan Maroko suka kama shi suka tafi da shi Marrakush a 1594, ya ce kuma nasa ne mafi ƙaranci cikin danginsa. Cikin abin da Sa'adi ya ɗebo har da labarin malamin Ahmadu Baba, Muhammadu Bagayogo, Bawangare. Shi wannan malami ba ya hana aron littafi kome tsadarsa, kome wuyar samunsa, kowane fanni ne, kuma ba ya bin sawu. Ɗalibi kan tsaya ƙofar gidansa ya faɗi littafin da ya ke so, ya miƙa masa ba tare da ya san daga inda ya fito ba. Ahmadu Baba da kansa ya je wata rana neman littattafan nahawu, malamin ya shiga taskarsa ya yi ta bincike, ya fito masa da duk wanda hannunsa ya kai gare shi. Littattafansa masu yawa sun salwanta ta wannan hanya, bai kuwa daina ba har ya rasu, Allah ya ji ƙansa.