Kwatarkwashi, 1903: Yadda Harsashi ke Shiga Bindiga

A ƙarshen Fabrairun 1903, makonni kaɗan bayan faɗuwar Kano, rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato ta yi arangama da Turawa a Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta yau. Sarki Alu ya riga ya rabu da rundunar, Waziri Ahmadu ne ke jagorantarta. Laftanar Wallace Wright kuwa dakaru 44 ne tare da shi. An shafe kimanin awa biyu dawakan Kano suna kai farmaki, ba su karya sahun ba. A nan Waziri ya kwanta dama.

Kanawa ba su rasa jarumta ba. Babban bambancin yana wurin ɗurin bindiga. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a sa harsashi, a danna da sanda. Kowane harbi yana barin baƙin toka a cikin bututu, ɗuri na gaba ya ƙara wuya, in kuma albarushin ya sha raɓa sai ta ƙi tashi. Ta sojojin Wright ta baya ake ɗurawa, harsashi da albarushi suna cikin kwanson tagulla guda. Muddin mazaunin harsashin na da tsabta, soja zai yi harbi da yawa kafin mai bindigar toka ya gama ɗuri ɗaya.

Yau a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, ɗan sa-kai yakan tari mai AK-47 da bindigar maƙeri. Duk wanda zai tura shi daji, ya tuna da Kwatarkwashi.