Garka da Amya: Wani Shafi Daga Tarihin Baure

Duk lokacin da aka ɗauko tarihin Baure, abin da ake fara ambata shi ne sarauta: yadda gidan Sarkin Gwari Abdu ya rabu bayan jihadi, wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa gadon sarautar Daura. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wani tarihin da ba a rubuta ba, wanda iyayenmu mata suka shuka a bayan danga.

Mu da muka tashi kafin farin 1973 mun san garka. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da lalle da zogale da rama da yakuwa da kuɓewa ba, ga kabewa ta bi darni, ga duma ya hau rufin ɗaki. Da hantsi ƙudan zuma ya cika furen kabewa, malam-buɗe-littafi na shawagi. Da daddare bushiya ta fito farautar ƙwari. Idan shamuwa ta sauka, kowa ya san lokacin gyaran gona ya yi.

Sai da muka shiga kwalejin horon malamai muka fahimci hikimar da ke ciki. Kabewa tana da fure namiji da fure mace, kuma ba ta 'ya'ya sai ƙwaro ya ɗauki garin wannan ya kai wa wancan. Kuka da ɗorawa da daddare suke buɗe fure, jemage ke yi musu wannan aiki. Gawo kuwa, da yake zubar da ganye da damina, ya yi fure bayan ruwa ya ɗauke, shi ke ciyar da zuma sa'ad da ciyawa ta bushe. Shi ya sa magabata ke rataya amya a rassansa.

Farin 1973 da na 1984 sun canza fuskar ƙasarmu. Itatuwa suka mutu, gatari ya bi sauran, darbejiya da aka shigo da ita Borno a 1928 ta zama inuwar garuruwanmu. Daga baya bulo ya maye gurbin danga, siminti ya rufe tsakar gida, maganin feshi ya kashe mai ɓarna da mai amfani baki ɗaya.

Sai dai ba mu yanke ƙauna ba. Maƙwabtanmu na Magariya da Matamaye, tun daga tsakiyar shekarun 1980, suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu maimakon sare shi. Ta wannan hanya manoman kudancin Nijar suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Ƙasarsu da tamu ɗaya ce, rairayi ɗaya, ruwan sama ɗaya.

Don haka, ya ku 'yan'uwa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, ga roƙonmu. Idan za ku yi gini a gida, ku bar wa ƙasa taku goma ba siminti. Ku dasa zogale da lalle, ku ajiye kaskon ruwa domin tsuntsaye da rani, ku tallafa wa makarantunmu su dawo da lambu. Kada jikokinmu su san zuma a kwalba kawai, su kasa gane amya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya Baure da mutanenta. Amin.