Lifidi: Kayan yaƙin da suka koma kayan hawa

Lifidi sutura ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi ko ta gona, a ɗinke ta layi-layi, a sa wa barde da dokinsa domin ta tare kibiya da sara. Yakan zo tare da sulke, wato rigar zobban ƙarfe, da kwalkwali da ake ƙawata shi da gashin jimina. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo waɗannan kaya Kano.

Amfaninsa a fagen fama bai rasa naƙasu ba. Nauyinsa kan hana doki dogon sukuwa, barden da ya faɗi kuwa da ƙyar yake tashi sai an ɗaga shi, ga kuma tsoron kibiyar wuta, tunda auduga ba ta wasa da tartsatsi. Bindiga ce ta ƙarasa shi: bayan Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903, lifidi ya bar filin daga ya koma jerin gwanon hawan salla.

Ba Hausawa kaɗai suka mayar da mayaƙansu abin kallo ba. A Japan, a zamanin Edo (1603 zuwa 1868), lokacin da yaƙe-yaƙe suka lafa, aka yawaita yin 'yan tsana masu siffar jaruman samurai irin su Yoshitsune da Benkei, sanye da sulke da siliki. Har yau ana jera su a gidaje ranar 5 ga Mayu, da fatan ɗa namiji ya tashi lafiya da ƙarfin zuciya.

Bahaushe Musulmi bai cika sassaƙa surar mutum ba, don haka ya adana jarumansa a bayan doki da bakin makaɗi. A ƙasar Zamfara, fadojin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun sun gaji wannan tsari, kuma daga yankin ne Musa Ɗankwairo ya fito.

Sai dai 'yar tsana tana iya kwana shekaru a akwati, lifidi kuwa sai da doki da maɗinki da hanya mai aminci. UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya a Disambar 2024, a shekarar da 'yan sanda suka hana hawan babbar salla a birnin.