Mai Shari'a Roger Traynor da Matsalar Ma'anar Kalmomi

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen rayuwar wani alƙali da ya shigar da ilimin ma'ana cikin zauren shari'a. An haifi Roger Traynor a 1900 a garin Park City na Jihar Utah ta Amurka, iyayensa baƙi ne daga Ailan. Ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya kuma koyar da dokar haraji a can. Bai taɓa zama alƙali ba kafin Gwamna Culbert Olson ya naɗa shi a Kotun Ƙolin Jihar Kalifoniya a 1940. Ya zama babban jojinta a 1964, ya yi ritaya a 1970, ya rasu a 1983.

Masana shari'a suna tunawa da hukuncinsa na 1948, wanda ya soke dokar jihar da ta haramta aure tsakanin farar fata da baƙar fata, shekara 19 kafin Kotun Ƙolin Amurka ta bi sahu.

Amma mu manazarta harshe, shari'ar 1968 ce ta fi shafar mu. Kamfanin wutar lantarki na Pacific Gas ya ba wani ɗan kwangila aikin sauya murfin injin, da sharaɗin zai biya diyyar duk ɓarnar da ta sami dukiya. Murfin ya faɗo ya lalata injin. To, dukiyar wa ake nufi? Ɗan kwangila ya ce ta wasu mutane daban, ba ta kamfanin ba, ya nemi kawo shaida. Alƙalin ƙaramar kotu ya hana, wai lafazin a fili yake.

Traynor ya warware wannan hukunci. A ganinsa, kalma ba ta da ma'ana guda tabbatacciya. Ma'anarta tana rataye da muhallin magana da nufin masu yin ta, kuma alƙalin da ya ce lafazi a fili yake, da tasa masaniyar harshen kawai ya auna. Har ya kafa hujja da masana ilimin ma'ana, Ullmann da Ogden da Richards.

Bai tsira daga suka ba. A 1988 Mai Shari'a Alex Kozinski ya koka cewa da wannan ƙa'ida babu yarjejeniyar da ba za a iya ja da ita ba, komai kyan tsarinta. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai a nawa ra'ayin ta zarce gona da iri, domin Traynor ya gindaya sharaɗi: ba a karɓar shaidar sai in lafazin zai iya ɗaukar ma'anar da ake da'awa.