Larura da Jinin Matafiyi: Martani kan Shingayen Kaduna

Wani abokin aiki ya kafa hujja cewa ƙa'idar larura tana iya zama uzuri ga kashe-kashen da aka yi a shingayen unguwanni lokacin rikicin shari'a na Fabrairun 2000. Tarihin sananne ne: wannan rikici da na Nuwamban 2002, wanda Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci rayuka kusan 250, su suka tattara akasarin Musulmi a arewacin kogin Kaduna, Kiristoci a kudancinsa.

Hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce jami'an tsaro ba su zo ba, mata da yara suna cikin gida, kuma wanda ya ga hayaƙi na tasowa ba shi da lokacin bincike. Na yarda da wannan, domin fiƙihu da dokar ƙasa duk sun halatta tunkuɗe mai farmaki. Saboda haka zan taƙaita da'awata ga yanayi guda: matasa sun ƙona taya a titi, a Rigasa ne ko a Sabon Tasha, sun tare mai babur, sun tambayi sunansa, sunan ya yanke masa hukunci.

A ganina, nan larura ta ƙare. Ana auna ta ne gwargwadon haɗarin da ke gaban mutum, kuma wanda aka sauke daga babur hannu sake ba shi ne haɗarin ba. Ko tilas ma bai kai nan ba: Ƙurɗubi ya kawo ijma'i cewa wanda aka tilasta wa kashe wani bai halatta ya fanshi ransa da ran ɗan'uwansa ba, Malikiyya kuwa suna yin ƙisasi a kan mai tilastawa da wanda aka tilasta. Kotun Ingila ta kai ga makamancin wannan a 1884, a shari'ar Dudley da Stephens, matuƙan da suka kashe yaron jirgi saboda yunwa.

Abokin aikina zai ce baƙon yana iya zama ɗan leƙen asiri. Mai yiwuwa ne, amma zato bai taɓa zama hujjar zubar da jini ba, kuma tsare shi ya wadatar. Abin da ya wuce tsarewa ramuwar gayya ce. Malamin da ya kira ta larura ya miƙa wannan fatawa ga masu shinge a ƙetaren kogi, inda namu matafiyan ke bi.