Tarihin Ƙugiya Mai Gashin Tsuntsu

Kowa ya san mai fatsa ba ya fita sai ya haƙo tana ko ya nemi gara. To, amma akwai wata irin ƙugiya wadda ba a sa mata abinci ko kaɗan. Gashin tsuntsu kurum a ke ɗaura mata, kifi ya zaci ɗan'uwansa ne ƙarami ko wani ƙwaro, ya kai mata cafka.

Wannan dabara ta daɗe ƙwarai. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, wani malami na Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan ƙasar Makidoniya, waɗanda kan naɗe ƙugiya da jan zaren ulu, sa'an nan su ɗaura gashi biyu na wuyan zakara. A shekarar 1496 kuma aka buga wani littafi a Ingila wanda ya bayyana iri goma sha biyu. Da farko marasa nauyi a kan yi. Daga baya aka ƙaro mai kan dalma, wadda kan nutse har ƙasa, mai fatsa na fizgar igiya kaɗan kaɗan, ita kuwa tana tsalle.

A ƙasarmu, ƙugiya aikin maƙera ce tun kaka da kakanni. A Turai ma da hannu a ke yinta, musamman a garin Redditch na Ingila, har shekarar 1877 da kamfanin Mustad na ƙasar Norway ya sami injin da ke lanƙwasa waya ya fid da ƙugiya. A 1911 jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya kai Kano, Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, kayan Turai suka cika kantuna. Sannu a hankali ƙugiyar kanti ta ture ta maƙera, kamar yadda zaren roba ya zo daga baya ya ture igiyar rama.

Abin mamaki a nan shi ne gashin da ya fi suna a wannan sana'a na tsuntsunmu ne. Turawa na kiransa marabu, watau babba-da-jaka, wannan ƙaton tsuntsu mai sanƙo da ke tsayuwa a mahauta. Duk muninsa, ƙarƙashin wutsiyarsa akwai wani farin gashi mai laushi kamar auduga, wanda mata a Turai suka riƙa yi wa riguna ado da shi. Masunta kuwa suka ga in ya jiƙe a ruwa yana buɗewa yana rufewa kamar mai numfashi. A 1921 Ingila ta kafa dokar hana shigo da gashin yawancin tsuntsayen daji. Yanzu na talotalo a ke rinawa a sayar, amma sunan bai sake ba. Gashin zabo ma, saboda ɗige-ɗigensa, yana da daraja wurinsu.

Ga yadda a ke yinta. A kan narka dalma a zuba a mazubi, ta daskare a wuyan ƙugiya ta zama kai. A shafa wa kan fenti, a ɗiga ido biyu, a bari ya bushe. Sa'an nan a naɗa zare a bayan kan, a aza gashin, tsawonsa kada ya wuce na ƙugiyar da yawa, don in ya yi tsawo sai kifi ya ciji wutsiya ya tafi abinsa. A ɗaure tam, a ƙulla sau uku ko huɗu, a ɗiga man farce a kan ƙullin don kada ya warware. Gwani ba ya cika gashi, kaɗan ya fi motsi. Amma fa a yi hattara, dalma guba ce. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kada a narka ta cikin ɗaki ko a tukunyar abinci, kada kuma a bar yara kusa.

To, ko za ta yi amfani a nan? Kogin Kubanni ya bi ta Samaru, inda aka datse shi cikin shekarun 1970 don Jami'ar Ahmadu Bello ta sami ruwan sha, ya wuce ta gefen Sabon Gari ya faɗa Galma. Da damina ruwan nan jawur ya ke, kifin da ya fi yawa kuwa tarwaɗa ce da karfasa. Tarwaɗa da gashin bakinta ta ke laluben abinci, ba ta cika dogara da ido ba, saboda haka wanda ya jefa mata gashi ya ɓata yininsa, tana ta fi. Ƙugiya mai gashi ta kifin da ke farauta da ido ce, irin su tsage da giwan ruwa. Mai son gwada ta sai ya jira rani, ruwa ya kwanta ya yi garau, ko kuwa ya nufi manyan ruwaye kamar Kwara da tafkin Kainji.