Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Ya ku 'yan makaranta, a ƙauyukanmu na arewacin Kano kowa ya sha ruwan randa, amma mukan raina magininta. To, ku ji labarin Ladi Kwali ta ƙasar Gwari. Tun tana yarinya ta iya ginin tukwane, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara nata, Bature Michael Cardew ya gan su a fada. A 1954 ta shiga makarantarsa ta tukwane a Abuja, wato Suleja ta yau. Ta koya, ta koyar, har Ingila da Amurka. Ta rasu a 1984, ga hotonta a bayan naira 20. Ashe sana'ar gida ba abin rainawa ba ce.